Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya a Kan Tabar Lantarki

Mai girma Minista,

Kawuna direban tirela ne, ya haura shekara talatin yana zuƙar sigari. Duk azumi sai ya sha alwashin dainawa, amma da an kira magariba, daga dabino da ruwa sai hannu ya tafi aljihu. Bara ɗansa ya kawo masa tabar lantarki, wadda samari ke kira vape. Wata bakwai ke nan bai kunna kara ba, tarin da yake tashin gida da shi da asuba ma ya lafa. A makon jiya kuwa, a bakin layinmu, na ga wani ɗan sakandare da na san bai taɓa kai sigari baki ba yana busa wata aba kamar biro, ƙamshin mangwaro na tashi. Abin da ke hannun kawu shi ne a hannun yaron, ranka ya daɗe, dalilin wasiƙar nan ke nan.

Ka fi ni sani, nikotin shi ke kama mutum, amma yawancin ɓarnar daga ƙona ganyen take, wato kwalta da gubar hayaƙi masu jawo ciwon daji da na huhu da na zuciya. Tabar lantarki ba ta ƙona ganye, batir ne ke zafafa ruwa ya koma tururi. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2019, ya bi mashaya 886. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba tabar lantarki sun rabu da sigari, waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin kuwa kusan kashi 10 ne suka daina. Sai dai akwai abin da 'yan kasuwa ba sa son faɗa: a cikin masu tabar lantarkin da suka bar sigari, takwas cikin goma suna nan suna busa ta. An sauya igiya ne, akuya tana turke.

Duk da haka gwamnatin can ta ga gara tabar lantarki da sigari, har a 2023 ta sanar da shirin raba wa mashaya miliyan ɗaya tabar lantarki kyauta. Ita ce kuma, da ta ga 'yan makaranta sun yi caa a kan mai ɗanɗanon alewa, ta haramta wadda ake sha a yar daga 1 ga Yunin 2025. Indiya ta haramta tabar lantarki gaba ɗaya tun 2019, Ostareliya kuwa ta ce sai a kantin magani.

Mu fa? Dokar taba ta 2015 an yi ta ne tun kafin wannan haja ta cika shagunan waya da shafukan Instagram. Ba na ba ka shawarar bin sahun Indiya. Da irin iyakokinmu, haramci kasuwar bayan fage kawai zai raya, a riƙa ɗirka wa mutane ruwan da ba a san me ke ciki ba, kawu kuma ya koma wajen mai tebur. Hanyar Ostareliya ta fi kama da magani. A sa hukumar NAFDAC ta tantance kowane ruwa, a rubuta yawan nikotin a jikinsa, a sayar a kantin magani ga baligi mai neman barin sigari. Mai ƙamshin mangwaro da kankana kuwa, ba don dattijo mai tari aka yi ta ba, a kwashe ta daga kasuwa. A kuma koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi su gaya wa mashayi gaskiya: in zai sauya, ya sauya baki ɗaya. Busa wannan da rana, a kunna waccan da dare, yaudarar kai ce.

Sai batun da ya fi ci min tuwo a ƙwarya. Dokar 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Ranka ya daɗe, ka aiki yaro ɗan shekara goma wajen mai shayi mafi kusa da ofishinka, ka gani ko zai dawo hannu rabbana. Don Allah a fara da wannan.

Wassalam.