Fili kaɗai ba ya zama gida

Duk damina labarin ɗaya ne. Ruwa ya rushe gidaje, a kwashe mutane a zuba cikin azuzuwan lakkol, a raba shinkafa da tabarmi gaban kamara, sannan kowa ya watse. A 2024 ambaliya ta shafi mutane sama da miliyan ɗaya a Nijar, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi, aka ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama ɗakunan kwana. To, da aka buɗe lakkol, ina waɗannan bayin Allah suka nufa?

Mutanen Yamai sun san amsar. Bayan ambaliyar 2012 an ba waɗanda kogin Isa ya kora filaye a Seno, can Harobanda. Niyya mai kyau ce, amma fili aka ba su, ba gida ba. Mai noman shinkafa ko lambu a bakin kogi, wanda ruwa ya cinye ma komai, da mi zai sayi siminti? Ga nisa da wurin neman abincinsa. Da yawa suka koma inda suka fito, kuma a 2020 ruwa ya sake cin unguwannin bakin kogi irin su Lamorde.

Za a ce akwai SONUCI, akwai bankin gidaje. Gaskiya ne, sai dai waɗannan na mai albashi ne da ake iya yanke ma kuɗi ƙarshen wata. Mai tallan ƙosai da ƴaƴa shida ba ta da takardar albashi.

Gwamnati ita kaɗai ba ta iya wannan aiki, kuma bai kamata ta sakar ma ƙungiyoyin agaji shi ba. A zauna a rubuta yarjejeniya: magajin gari ya ba da fili a tudu tare da takardarsa, gwamnati ta ja ruwa da hanya, ƙungiyoyi da ƴan kasuwarmu na Maraɗi su ɗauki kuɗin gini, maginanmu su aza harsashi na dutse da siminti. Ɗaki biyu da makewayi sun isa somawa. Amma kar a miƙa makulli sai an ga famfo yana zuba, an ga ɗakin likita da lakkol, an kuma naɗa wanda zai riƙa zagaya tsofaffi da zawarawa yana jin matsalarsu. A rubuta sunan uwar gida cikin takardar, a hana saida gidan na wasu shekaru, don dillalan filaye sun fi kowa saurin isa irin waɗannan wurare.