Rijiya Ɗaya Ta Ishi Gida

A unguwannin da ke kewaye da jami'o'inmu, kamar Samaru a Zariya ko Rijiyar Zaki a Kano, gidajen haya cike suke da ɗalibai da ƙananan ma'aikata. A gida guda sai ka ƙidaya kwamfuta shida ko bakwai, ban da wayoyin hannu, kowace tana shan data daga aljihun mai ita. Da a ce kowane ɗan haya ya haƙa tasa rijiya a ƙofar ɗakinsa, lalle da maƙwabta sun ce mutanen gidan nan sun zautu. Amma ga shi haka muke yi da intanet, ba mai cewa uffan. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yardar wa kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, aljihun ɗalibi ne ya fara jin jiki. A ganina lokaci ya yi da 'yan'uwa za su yi karo-karo su haɗa kwamfutocinsu a kan layi ɗaya, domin kowa ya san sari ya fi sayen ɗaiɗai araha.

Abin da ake bukata ƙaramin akwati ne da ake kira rauta. Aikinsa ya yi kama da na masinjan ofis wanda ke riƙe da mabuɗin akwatin gidan waya. Layi ɗaya ne ke shigowa daga waje, ko ta katin waya ko ta kebul, shi kuwa rauta sai ya ba kowace na'ura a gidan lambarta, wadda galibi takan fara da 192.168. Wannan lamba ta cikin gida ce kurum. Mutanen waje adireshi ɗaya suke gani, in saƙo ya iso kuma rauta ya san ɗakin da zai kai shi. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, don haka ɗan ƙaramin batir zai riƙe shi na awoyi in an ɗauke wuta.

A nan ne zan saɓa wa abokaina masu raina kebul don suna ganin tsohon yayi ne. Gaskiya ne tsoho ne, gama a 1973 Robert Metcalfe da abokan aikinsa na kamfanin Xerox a Amurka suka ƙirƙiro hanyar da ake kira Ethernet, Wi-Fi kuwa sai a 1997 aka kafa ƙa'idarsa ta farko. To amma kebul ɗaya yakan kai mita 100 ba tare da gajiya ba, bai damu da bango ba, bai damu da ƙofar ƙarfe ba. Wi-Fi kuwa igiyar rediyo ce, kuma kowane bango da ta ratsa sai ya rage mata ƙarfi. Yawancin rauta na zamani tashoshi biyu gare su. Ta 2.4 ta fi nisan zango da iya ratsa gini, sai dai cunkoso ya yi mata yawa, ta 5 kuwa ta fi sauri amma bango biyu ko uku sun isa su karya lagonta. Saboda haka wanda ɗakinsa ke ƙuryar gida, kamata ya yi a ja masa kebul maimakon ya riƙa fitowa tsakar gida yana ɗaga kwamfuta sama kamar mai duban wata. Shi kansa rauta a sa shi a wuri mai tsayi a tsakiyar gidan, kada a ɓoye shi cikin akwati don tsoron ɓarayi sa'an nan a dawo ana zagin kamfani.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Kwamfutocin da ke kan rauta ɗaya suna iya magana da juna ko da babu intanet sam. A ranar 14 ga Maris 2024 kebul-kebul na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodibuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu na kwanaki. Ko a irin wannan rana 'yan gida za su iya aika wa juna darussa, su yi amfani da firinta guda. Littafin da mutum ɗaya ya sauko da shi ba dalilin da zai sa mutum biyar su sake biya a kansa.

Za a ce mini tarayya takan kawo husuma, wani zai kwana yana sauko da finafinai, mai rubuta kundin kammala karatu ya rasa na aika wa malaminsa babi guda. Ban musa ba. Sai dai rauta yana nuna sunan kowace na'ura da ke kansa, da yawa kuma ana iya yanka wa kowa rabonsa. Wannan rigima ce da ake kashewa da zama ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne sakaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan rauta da kyamarori a duniya, ba da wata gwaninta ba, illa dai masu su ba su canza kalmar sirrin da kamfani ya sa ba. Da su aka kai harin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix a watan Oktoba na shekarar. Tilas ne ran da aka sayo rauta a canza kalmomi biyu, wato ta shiga Wi-Fi da ta shiga shafin sarrafa shi, a kuma zaɓi kariyar WPA2 ko WPA3. Baƙo in ya zo, a buɗe masa layin baƙi, wanda ba ya kaiwa ga kwamfutocin gida. A tuna kuma mai riƙe da rauta yana iya ganin wanda ke kai da lokacin da ya hau, wani sa'in har da sunayen shafukan da ya ziyarta. Ba kowa ake miƙa wa wannan mabuɗi ba, kuma bai dace ya dawwama a hannun mutum ɗaya ba.

Sa'an nan ga batun suna. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta umurci a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai shi. Ke nan idan wani a gidan, ko wani ɗan maƙwabta da aka ba kalmar sirri don kunya, ya yi damfara ta wannan layi, wanda sunansa ke kan katin shi za a fara nema. Kafin a tara ko sisi, a zauna a rubuta sunan wanda zai yi rajista, da sunayen waɗanda aka yarda su hau, kowa ya sa hannu, kuma duk ran da wani ya tashi daga gidan a canza kalmar sirri a daren nan.