Wace takarda za mu miƙa?

Ƴan uwa ɗalibai, mu nan Difa muna zaune tsakanin makaranta biyu. Wannan gefen Komadugu ana karatu da Faransanci, yaro ya ci birebe, ya wuce lise, ya zauna bak. Wancan gefen, Damasak ko Gaidam, ana karatu da Ingilishi, jarrabawarsu WAEC da NECO da JAMB. Tun 2013 da rikici ya koro mutanen Borno da Yobe zuwa wurinmu, hanyoyin biyu sun ƙara cuɗanya. Gida ɗaya sai ka tarar da takardu iri uku. Uba ya sayar da buhunan tattasai ya biya kuɗin jarrabawa sau biyu, sau uku, amma ranar miƙa dosiye bai san wacce za a ɗauka ba.

Ra'ayina shi ne: a fara zaɓen ƙofa, sannan a nemi mabuɗi. Yawan takardu ba ya shigar da yaro jami'a. Takardar da ta dace ita ke shigar da shi.

Mu fara da namu. A bak ana haɗa makin dukan fannoni a fitar da matsakaici bisa 20. Wanda ya kai 10 ya ci. Amma fannoni ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗan seri D, kimiyya da lissafi su ne masu nauyi gare shi. Ɗan seri A, Faransanci da falsafa. To, ka ga serin da yaro ya bi shi ke buɗe masa wata ƙofa, ya rufe wata. Jami'ar Difa da aka kafa a 2014 ta fi ƙarfi wajen noma da muhalli. Mai son shiga can sai ya yi tunani tun ranar zaɓen seri, ba bayan an kafe sakamako ba.

Na ƙetaren kogi, lissafinsu daban ne. WAEC ta daɗe, tun 1952. NECO an kafa ta a 1999. Su biyu suna ba kowane fanni matsayinsa, daga A1 har F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. Jami'a tana neman kiredit biyar a fannonin da suka shafi karatun da ake so, kuma galibi har da Ingilishi da lissafi. Jami'o'i da yawa suna yarda a haɗa takarda biyu, ko da ɗaya ta WAEC ce ɗaya ta NECO. Amma zama biyu ne iyaka. Ba a haɗa uku.

Ga misali. A ce yarinya tana son karatun kimiyya. A WAEC ta samu kiredit huɗu, Ingilishi ya ba ta D7. Shekara ta kewayo ta zauna NECO, ta samu C5 a Ingilishi. Ta haɗa biyun, biyar sun cika, shi ke nan. Ba sai an sake biyan kuɗin zama na uku ba. To, a ce kuma wani yaro yana da takarda biyu. Ta farko duk C6 ce amma biyar ɗin sun cika. Ta biyu tana da A da B masu ƙyalli, sai dai ba lissafi. Wacce ke iya tsayawa ita kaɗai? Ta farko. Kyan ɗan kwarai a gan shi da murfinsa. Kuma a kula: karatun likita, jami'o'i da dama suna cewa sai kiredit biyar a zama ɗaya. A nan haɗi ba ya aiki.

JAMB ita kuma, da aka kafa a 1978, fanni huɗu ake zaunawa, maki 400 gaba ɗaya. Makinta na shekara ɗaya ne. Wanda ya samu 240 bara, bana ya samu 190, ba ya iya ɗauko na bara ya kai Jami'ar Maiduguri. Na bara ya tafi da bara. Takardar WAEC da ta NECO kuwa ba su tsufa, sai a adana su kamar takardar gona.

Wani zai ce: ai yawan jifa shi ke kayar da ɗan kanya, yaro ya zauna kowace, wata za ta yi. Na ji. Amma kowane zama kuɗi ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga shekara guda ta rayuwar yaro. Manomi ba ya zuba ruwa a fangalin da ya riga ya cika. Yana kai shi inda ƙasa ta bushe. Haka jarrabawa take. A duba fannin da ya gaza, a sa ƙarfi can.

Abu na ƙarshe shi ne suna. Yaro a takardar haihuwa Mahamadu, a WAEC Muhammad, a NECO Modu. Ranar haihuwa ma ta bambanta. Mai duba dosiye zai ce mutum uku ne. Kafin a biya ko dala, a tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina. Kada kuma a yarda da mai cewa zai gyara maki a ɓoye. Hukumomin suna ajiye sakamako a kwamfuta, ana bincikawa, kuma ƙarya fure take ba ta ƴaƴa.

Mu da muka koyi karatu da girmanmu, ga amfaninsa. Ka karɓi takardar ɗanka ka karanta da kanka. Ki je wurin mushensa ki tambaya: fanni nawa ake nema, zama nawa aka yarda? Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba ɗiyanmu sa'a.

Tambayoyi
1. Takarda nawa ake iya haɗawa a jami'o'in Najeriya?
2. Makin wace jarrabawa ne ba ya wuce shekara ɗaya?
3. Me ya kamata a duba kafin a biya kuɗin jarrabawa?