Kada ka yarda a sauke maka giyabos kafin ka yi waɗannan gwaje-gwaje

Malam mai motar otomatik, tsaya ka karanta wannan kafin ka zubar da kuɗinka a banza.

Abin da ke ƙona min rai ke nan: mota ta fara karkarwa a kan titi, ka kai ta gareji, bakanike ya zagaya da ita sau ɗaya, ya dawo ya ce, "Alhaji, giyabos ta tafi, sai dai a sayo ta Beljiyam." Bai duba man giya ba, bai jona kwamfuta ba. Wallahi wannan caca ce, kuma da kuɗinka ake buga ta.

Tsakanin inji da giyabos akwai wani ƙarfe kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya, shi ne tok kwanbata. Shi ke yin aikin kuloci a motar otomatik. Cike yake da man giya: fanka ɗaya tana juyawa tare da inji tana watsa mai, man kuma ya tura ta biyu wadda ke haɗe da giya. Akwai kuma ƙaramin kuloci a ciki da ke damƙe su wuri guda in mota ta miƙa hanya, don a rage shan fetur. Sau da yawa matsalar a nan take, ko a abin da ke sarrafa shi, giyar kanta lafiyarta lau.

Ga abin da za ka iya yi da kanka:

1. Duba man giya in motarka tana da sandar awo. Mai lafiya ja ne. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ko ya yi ƙasa, ka samu bakin zaren. Ka kuma tambayi wane iri aka zuba maka: Honda tana son DW-1, Toyota kuwa T-IV ko WS, gwargwadon shekarar motar. Man da bai dace ba shi kaɗai yana kawo karkarwa.

2. Gwajin birki. In karkarwar tana zuwa wajen gudun kilomita 60 zuwa 80, ka samu titin da ba cunkoso, ka riƙe totur yadda yake, ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu. Taɓawar tana sa ƙaramin kulocin nan ya saki. In karkarwar ta ɗauke nan take, zargi ya koma kan kwanbata.

3. Yi amfani da wayarka. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 suna da soket na OBD2 mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka sayi ƙaramar na'urar ELM327, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. P0740 tana nuna layin wutar kulocin, ƙila waya ce ko solanoyid kawai. P0741 na nufin ba ya kamawa yadda ya kamata. P0742 na nufin ya kama ya ƙi saki, shi ya sa mota ke mutuwa in ka tsaya a danja. In kuwa P0300 ka gani, inji ne ke tsallake wuta, ka nemi fulogi da koyil, ka ƙyale giya ta huta.

Na san wani oga zai ce, "Shekara ashirin ina wannan aiki, kunnena ya ishe ni." Ba mu raina gogewa ba. Amma fulogi mai matsala da kwanbata mai matsala karkarwarsu kusan iri ɗaya ce, kunne ba ya rabe su kullum. Ita kuma giyabos ta Beljiyam ɗin, wa ya leƙa cikin kwanbatarta? A like take da walda, saye ne na kifi a ruwa.

Gaskiya ɗaya ce: in an buɗe tiren mai aka tarar da ɓarɓashin ƙarfe da yawa, to aikin babba ne, sai an sauke giya. Sai dai a nuna maka da idonka tukuna.

Don haka in an ce maka "ta tafi", ka ce, "Oga, wace lamba kwamfuta ta ba ka?" Bakanike na gari zai ji daɗin tambayar. Wanda ya fusata kuwa, karɓi makullinka ka yi gaba.

Ka tura wa ɗan uwanka mai otomatik, kada a yi masa sakiyar da ba ruwa.