Zumuntar Maza, a fito a kama aiki

Duk wanda ya san majami'un Arewa, ko ECWA ko COCIN ko EYN, ya san Zumuntar Mata. Su ne masu anko da waƙa, kuma su ke riga kowa isa gidan makoki da asibiti. Zumuntar Maza kuwa, a wurare da dama ba a jin ɗuriyarta sai an tashi tara kuɗin rufin majami'a.

Ga aiki kuma jibge. Rikicin Boko Haram, wanda a 2014 ya kai har hedikwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, ya bar gwauraye da marayu masu ɗimbin yawa. Haka rikice-rikicen Filato da Kudancin Kaduna. Fasto shi kaɗai ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba.

A ganina, babban taro ba ya gina zumunta. A raba maza ƙungiya-ƙungiya, mutum takwas ko goma a unguwa, kowace da aikinta. Da damina a yi wa gwauruwa gayya a gonarta. Kafinta da makaniki da tela kowa ya ɗauki maraya ɗaya ya koya masa sana'a. Wasu su riƙa ziyartar gidan yari, wasu su zauna da samarin da shaye-shaye ya kama.

Kuɗin da aka tara kuma a karanta lissafinsa a gaban kowa duk wata, domin rashin yin haka ne ke kashe ƙungiya. Nazarin Littafi Mai Tsarki yana da muhimmanci, amma maƙwabci, Kirista ne ko Musulmi, aikin zai gani.