Kiɗan Rok Na Bayan Fage: Daga Amurka Har Sakkwato

A wannan mako daga nan Suleja za mu leƙa wani kiɗan Turawa da ake kira altanatif rok, watau rok na bayan fage, domin akwai darasi a cikinsa ga makaɗanmu.

Wannan kiɗa ya kunno kai ne a Amurka da Ingila cikin shekarun 1980, lokacin da waɗansu samari suka ƙi bin umarnin manyan kamfanonin faifai. Ƙananan kamfanoni ne suke buga musu faifai, gidajen rediyon jami'o'i kuma suna watsawa. A cikinsu akwai ƙungiyar R.E.M. wadda aka kafa a Amurka a 1980, da The Smiths ta birnin Manchester a 1982. Amma wadda ta fasa ƙwai ita ce Nirvana, ƙarƙashin Kurt Cobain. Faifanta mai suna Nevermind ya fito a 1991, kuma a watan Janairun 1992 ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a cinikin faifai a Amurka. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To, kada mai karatu ya ce ina ruwanmu. A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar aka yi wani Buzu da ake kira Mdou Moctar, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na fari, Anar, a 2008, da salo irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bi Sahara, har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds. A 2021 kamfanin Matador na Amurka, wanda ya yi suna wajen irin wannan rok, ya fitar masa da Afrique Victime. Har ila yau, Bombino na Agadas shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar lambar Grammy, saboda faifansa Deran na 2018.

Abin lura shi ne, waɗannan bayin Allah ba su yar da harshensu ko amon kiɗan gidansu ba. Da Buzanci suke waƙa, kuma da hannu suke kaɗa abin kiɗa.

Mu kuwa fa? Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Alhaji Mamman Shata da kalangu ya yi nasa zamani. Yau samarinmu da yawa sun jingine gurmi da kukuma da garaya, sun miƙa wuya ga kwamfuta, har kiɗan wannan ba ya bambanta da na wancan.

Ba mu ce a ƙi zamani ba. Amma ya kamata gidajen rediyo da hukumomin al'adu na jihohinmu su ba masu kaɗa kayan gargajiya fili, kafin tsofaffin da suka iya su ƙare. Allah ya sa masu kunne su ji.