Mu Kai Yaranmu Su Taka Cikin Birnin Kano



Duk lokacin da aka ce za a kai ɗalibai ziyara Kano, abin da ke fara zuwa ran yaro shi ne gidan zoo. Ba laifi ba ne. To amma ra'ayina, kuɗin motar da iyaye ke haɗawa da ƙyar ya fi cancanta a kashe shi wajen zaga tsohon birni a ƙasa, tare da dattijon da ya san unguwa. Gani ya kori ji, kuma mota ba ta shiga lungu.

A fara da karofin Ƙofar Mata, wanda aka ce yana nan tun 1498. Kai ɗan Kahu, wannan tarihinka ne, domin a labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne ake kira sarakunan baba. Ka tsaya ka ga yadda ake haɗa baba da toka, ka ji ƙarar masu bugu. Ka kuma ƙirga ramukan da suka bushe, ka tambayi kanka dalili.

Daga nan a wuce Gidan Makama, inda aka adana tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, a ga fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya gina, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano, har ya rubuta masa nasiha kan yadda ake riƙon jama'a da adalci. Unguwar Sharifai, inda zuriyar Shehun take, tana nan a kan hanyar Kurmi, kasuwar da ita ma aka kafa a zamanin Rumfa.

Inda nake so a fi daɗewa shi ne Madabo. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, malaman Wangarawa suka iso daga Mali, kuma Madabo ta zama matattarar karatu. Ɗalibin da ke ƙorafin nisan makaranta daga gidansu, in ya tsaya a nan aka gaya masa daga inda waɗannan bayin Allah suka taso, ai sai ya ji kunya. A ƙarasa da hawa Dala, inda Barbushe ya zauna kafin zuwan Musulunci, a dubi birnin gaba ɗaya.

Na san iyaye za su ce, "Malam, cunkoson Kurmi fa? Yaro ya ɓace fa?" Gaskiya ne. Maganinsa tsari: a raba yara goma-goma, kowane rukuni da malami ko malama, a tashi da asuba kafin rana ta yi zafi, a riƙe ruwa. A fara gaida mai unguwa, shi zai haɗa ku da wanda ya san kowane zaure. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi da biro, ya rubuta abin da ya ji, da boko ko da ajami.

Kada a ce sai baɗi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa fiye da shekara 800 da suka wuce, a wurare da yawa ta zaizaye, wani wurin an yi gini a kanta. Dattawan da suka san labari kuma kullum raguwa suke yi.

In an dawo, kada littafin ya kwanta. A yi irin wannan zagaye a cikin garin Rano, sannan a nan Kahu. Ka je wurin kakanka yau, ka tambaye shi wa ya fara kafa makarantar allo a unguwarku, ka rubuta.

Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalam.